Ranar da Muka Shanya Tantin Apa

Kara-Bulak, watan Agusta, 2001

Baban Jipar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ƙafar nan da ka ce bulo ya faɗo mata a wurin gini ta daina kumburi. Mu nan alhamdu lillahi. An gama yankan ciyawa, mun tara wadda za ta ishi saniya har ƙarshen sanyi. Jipar ta yi tsawo, ta fara jin kunyar a taje mata kai a tsakar gida. Apa tana gaishe ka, ta ce in gaya wa ɗanta lafiyarta lau. To, na gaya maka, na sauke saƙo. Yanzu ga gaskiyar magana.

Tarin nan bai sake ta ba tun sanyin bara. Na lallaɓa ta muka je wurin likita a At-Bashi. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya tambaye ni inda take kwana. Na ce ɗakin baya. Ya ce akwai murhu? Na ce akwai bargo. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce tsohuwar nan ba za ta ƙara cin wani sanyin a ɗakin da babu wuta ba: ko ta koma ɗaki mai murhu kafin ƙanƙara ta sauko, ko a kai ta gidan bene wurin Yayarka a Bishkek. A mota, da muka hango gadar garinmu, sai ta ce, "Kelin, in kuka hau da ni benen nan, a kwance za ku sauko da ni." Ka san tun ranar da aka kawo ni gidanku ba ta da wani suna da take kirana da shi sai Kelin, wato matar ɗa, amma ban taɓa jin ta faɗe shi a sanyaye haka ba.

Na ce ta dawo kicin wurinmu ni da Jipar, tunda nan wuta ba ta mutuwa. Ta ce ita ba kyanwa ba ce.

Saura babban ɗaki. Murhun da ya fi kowane kyau a gidan nan yana cikinsa, amma yaushe rabon da ka gan shi? Ni dai bututunsa kawai nake hangowa. Katifu da barguna na auren Apa, da na auren surukarta, da nawa, sun kai rufi. Ga kwalaben da babu komai a cikinsu, ga sirdin marigayi Baba, ga talabijin da ta mutu, an ɗora mata wata a ka wadda ita ma ta mutu. Akwai tayoyin mota, mu da ko keke ba mu da shi. Uwa uba ga tantin mahaifin Apa, da sandunansa, da naɗe-naɗen bargunan ulunsa, da tunduk ɗinsa, ƙaton kambun katakon nan na sama, jingine da bango ya cinye rabin ɗaki. Jiya na shiga neman gwangwanin gishiri, sai da Jipar ta jawo ni ta ƙafa.

Ba zubarwa nake so a yi ba, na san wanda ya ce a zubar da cokali ɗaya a gidan nan ya shiga uku. Sito nake so a gina a bayan gida, kusa da garke, mai rufin kwano da ƙofa ta kirki. A kwashe kayan can, a share ɗakin, a hura wuta. Ka ba ni izini, ka kuma rubuto wa Apa layi biyu, don maganarka ta fi tawa shiga kunnenta.

Ka ci abinci mai zafi, ka daina rayuwa a kan burodi da shayi.

Matarka,
Burul

Omsk, farkon Satumba

Burul,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa ta warke, sai ɗan ɗingishi da safe. Ki shafa mini kan Jipar. Ki durƙusa ki gaida Apa, ki ce na ji lafiyarta lau, na kuma ji tarin.

A gina siton. Ki je wurin Baba Mai Zuma, maƙwabcinmu, ya kira gayya, ba za su ƙi ba. A ɗaga daɓen daga ƙasa saboda danshi. Na sa kwaɗo a cikin kayan da na aiko, irin na nan ne, mai nauyi, da makullai biyu. Abu ɗaya: kar ku cusa bargunan ulu a sito haka nan. Sun daɗe a rufe. Ku fito da su su sha rana sosai, ki sa tazargade a tsakaninsu, in ba haka ba asu zai gama da su kafin bazara.

Amma tantin ne zai ba ki wahala, gara in gaya miki dalili, don abin ya faru kafin a kawo ki kuma a gidanmu ba a maganarsa. Tunduk na gidan uba na ɗan auta ne, kowa ya sani. Autan su Apa shi ne Kawu Sagin. Da kakata ta rasu a gidanmu, aka kafa tantin a tsakar gida aka kwantar da ita a ciki kamar yadda ake yi. Bayan an tashi daga makoki Apa ta sa aka naɗe shi aka shigar babban ɗaki. Lokacin gonar gwamnati ta watse, Kawu ya shiga shan giya, tumakin da aka raba masa duk sun tafi a kwalba. Ya zo karɓar tantin, Apa ta ce masa a gaban mutane ba za ta ba shi ba, don kafin Juma'a zai sayar da kan ubansu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai ranar jana'izarta. Ya daina sha tuntuni, amma rantsuwar tana nan. Ita kuma tun ranar take tsoron in tantin ya kwana a waje zai zo ya ɗauke.

Ki gwada mata kwaɗon, wataƙila hankalinta ya kwanta. In kuma abin ya fi ƙarfinki, kar ki kashe kanki, a kai ta Bishkek kawai.

Mijinki,
Meder

Kara-Bulak, ƙarshen Satumba

Baban Jipar,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an haƙe dankali, Jipar ta koma makaranta. Tarin Apa yana nan, da safe ya fi tsanani. Kan duwatsu ya riga ya yi fari.

Zan fara da abin da ya tsaya mini a wuya. "In abin ya fi ƙarfinki." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Wato kana can kana tunanin na gaji da uwarka, ina neman hanyar da zan tura ta birni in miƙe ƙafa? Ni da nake tashi in dafa mata madara da man tunkiya tun kafin saniya ta farka? In da so nake ta tafi, da sai in yi shiru in bar ƙanƙara ta yi mini aikin. Na faɗa, na huce, kar ka ba ni amsa a kai.

Sito ya tsaya. Baba Mai Zuma ya kira gayya, maza suka zo da shebur da cokulan gini, mata suka taya ni dafa shinkafa da nama. Ban san muna da mutane haka ba, wallahi sai da na ɓuya bayan garke na share hawaye. Sun ɗaga daɓen kamar yadda ka ce, suka kafa katakai a bango har hawa uku. Baba Mai Zuma da kansa ya hau ya buga kwanon, matarsa tana ƙasa tana ce masa in ya faɗo ba ita za ta yi jinya ba.

Ranar kwasar kaya Apa ta sa kujera a bakin ƙofa, ba abin da ya wuce sai ta taɓa shi. Na ɗauko talabijin ta ƙasa, ta ce, "A hankali, tana da sauran rai." Na ce, "Apa, ɓera ya haihu a ciki." Ta ce, "To ba ga shi ba." Kwalabe kuwa sai da ta gaya mini abin da aka taɓa zubawa a kowace ɗaya. Amma da ta bi ni siton ta ga katifun a jere, sirdin Baba a rataye inda ido zai gan shi, sai ta matsa kusa. Ta shafa sirdin ta ce rabonta da ganinsa gaba ɗaya tun kana soja. Can ta tsinci wani ɗankwali da ta daɗe tana zargin wata baƙuwa da sacewa, ta nemi gafarar matar, ita kuwa ta daɗe a ƙasa.

Yanzu ana ganin murhun. Ana ganin taga ma, ashe tana kallon rafi. Amma gado ba zai shiga ba, wuta kuma ba za ta huru ba, don tantin yana manne da murhun. Na gwada mata kwaɗonka, ta auna nauyinsa a hannu ta ce mai kyau ne, a sa wa kaji. Na matsa, sai ta ce, "Kelin, ranar da tantin nan ya fita daga ɗakin nan, ni aka fitar masa." Daga nan ban ƙara ba.

Sai shekaranjiya na zura hannu cikin naɗin bargo ɗaya, na fito da shi cike da gari. Asu ne, yadda ka faɗa. Na kai mata a tafin hannuna. Ta daɗe tana kallo. Na ce ko ba za a kai sito ba, a fito da shi ya sha rana. Ta ce za ta yi tunani. Ban san ko tunanin zai riga ƙanƙara ba.

Matarka,
Burul

Omsk, watan Oktoba

Burul,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan fara gaisuwa ba. Ina fata ke da Jipar kuna tsaye da ƙafafunku.

Turdu ɗan garinmu ya iso neman aiki. Yana ganina ya rungume ni ya fara kuka. Ya ce ranar da ya baro gida motarsu ta bi ta gaban gidanmu, ya ga tanti a kafe a ƙofar gida, maza suna tururuwa daga gada suna kukan mutuwa, ga Kawu Sagin a gaba yana jan goɗiyarsa, irin wadda ake yanka wa mamaci. Direba bai tsaya ba. Na ruga gidan waya, aka yi ta neman At-Bashi, layi a mace.

Me ya sa ba ki buga mini waya ba? Ko kalma uku ce, da na sani daga bakinki, ba daga bakin mai wucewa ba. An sa uwata a ƙasa ina nan ina kwaɓa siminti.

A'a, ki yafe mini, ba laifinki ba ne. Takardarki ta ƙarshe tana gabana. Ta gaya miki ƙarara ranar da tantin ya fita ita aka fitar masa, ni kuma ni ne na ce a fito da shi ya sha rana. Ni na aiko da kwaɗo. Da na bar ta da tarkacenta, da ko a ɗakin baya ne tana nan tana tari ina jin labari. Layin da ya ɓata miki rai kuwa, wallahi tausayinki ne ya sa na rubuta shi. Babu wanda ya riƙe ta kamar ke, har da mu da ta haifa.

'Yan garinmu na nan sun taru ranar Alhamis. Muka yanka tunkiya, aka soya borsok, fanken nan namu na fulawa, don ƙamshin mai ya kai gare ta, wani dattijo ya yi karatu. Jana'iza ta wuce ni, amma na yanki tikitin jirgin ƙasa, zan iso kafin sadakar arba'in. Kar ki naɗe tantin sai na zo, in da hali. Ki gaya mini ko ta ambace ni.

Meder

Kara-Bulak, watan Oktoba

Baban Jipar,

Assalamu alaikum. Amsar takardata ba ta iso ba tukuna, amma ba zan iya jira ba, labarin yana cin raina. Kowa lafiya. Apa lafiya, har ta fi yadda ka bar ta. Zauna sosai ka ji abin da muka yi.

Bayan na aika maka waccan takardar, wata safiya rana ta fito tas, Apa ta ce a fito da shi. Ka san bargunan nan, ko maza biyu da ƙyar suke ɗaga ɗaya, babu igiyar da za ta ɗauke su. Apa ta ce ba a shanya tanti sai a jikin sandunansa. Na kira Baba Mai Zuma da 'ya'yansa. Ya sosa gemu ya ce, "To a kafa shi a bayan gida, kusa da siton, kar mutane su ga wani abu daban." Apa ta ce rana ta fi kyau a gaba. Ya sake cewa wani abu, ta ce, "Gidanka ne?" Ni 'yar cikin garin Narin, a gidan bene na tashi, ban kawo komai a raina ba. Asu kawai nake tunani.

Aka kafa. Da aka ɗaga tunduk ɗin sama, haske ya zubo ta tsakiyarsa, sai Apa ta ɗaga kai tana kallonsa. Ta sa na shimfiɗa mata katifa a ciki, ta ce za ta ɗan kishingiɗa, ƙamshin ubanta take ji. Ni kuma na ɗauki sanda ina bugun bargunan ta baya, na ɗaure kai da baƙin ɗankwali saboda gari, idona yana ta zubar da ruwa. Ka ga hoton da na ba mutanen ƙetaren rafi.

Wajen azahar na fara jin wata murya daga gada. Na ɗauka saniyar wani ce ta ɓata. Da na leƙa sai na ga maza, sun kai goma, suna tafe suna kukan nan da ake yi in an doso gidan mutuwa. A gabansu Kawu na Ƙetaren Rafi, ƙanen Apa, wanda kunyar suruki ba za ta bar bakina ya kama sunansa ba. Ya tsufa, Baban Jipar, ya rame kamar sandar tantin. Hularsa a karkace, takalmi ɗaya ba a ɗaure ba, yana jan goɗiyarsa. Ka san ita kaɗai ce dabbar da ya mallaka, da ita yake noma, da nononta suke rayuwa. Ya kawo ta a yanka wa yayarsa.

Kafin in zagayo daga bayan tantin sun riga sun iso. Baba Mai Zuma ya taho da gudu daga wurin amyarsa yana ɗaga hannu, ba wanda ya kalle shi. Kawu ya saki linzami, ya zo ya dafa jikin tantin daidai gefen da ake kwantar da mamaci, ya kifa goshinsa a kan bargon. Apa kuwa tana kwance a bayan wannan bargon, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba.

Da farko kukan da kowa ke yi ya yi, "Wayyo Yayata, ina zan ƙara ganinki." Sai ya bar na al'ada ya shiga nasa. Ya ce, "Ke kika goya ni zuwa makiyaya. Ke kika ba ni takalminki kika taka ƙanƙara da safa. Gaskiya kika faɗa ranar nan, da kin ba ni da na sayar, har mai saye na riga na samu. Kullum in na fito ban ruwa sai na kalli hayaƙin gidanki in ce tana nan. Yanzu me zan kalla?" Mazan da ke bayansa suka sunkuyar da kai. Ni dai sandar ta faɗi daga hannuna.

Sai muka ji tari daga ciki. Tarin nan da ka sani. Sannan ta kira sunansa, irin kiran da ake yi wa yaro ya bar wasa da wuta, ta ce, "Matsa daga jikin bargon nan, kana jiƙa mini shi. Shanya muke yi."

Mutum biyu suka zura da gudu har gada. Wani ya zauna daɓas a cikin kwandon tazargade. Kawu bai motsa ba. Ya ce a hankali, "Yaya?" Ta ce, "Da wa kake tsammani? Zagayo ta ƙofa, ka sunkuya, kar ka buga kai." Ya zagaya. Na ga shigarsa a durƙushe, na saki labulen ƙofar a bayansa, na kori kowa zuwa kicin shan shayi. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ji kuka, can na ji tana yi masa faɗa a kan goɗiyar, wai wane irin mahaukaci ne zai yanka dabba mai ciki.

Da la'asar suka fito tare. Apa ta nuna sama ta ce, "Naka ne, ɗauki abinka." Ya ce rufin gidansa yoyo yake yi. Ya je ya duba siton, ya ƙwanƙwasa kwanon, ya taka daɓen, ya ce wannan ya fi ɗakin kwanansa. Ya ce a ajiye a nan, duk wanda ya rage a cikinsu shi zai sa a ɗaga wa ɗan'uwansa. Muka bar shi ya ƙara shan rana, sannan Kawu ya dawo da kansa ya kwance shi, ya naɗe bargunan da tazargade, ya rataye tunduk a bangon siton. Apa ta sa kwaɗonka da hannunta. Makulli ɗaya ta rataya a wuya, ɗayan ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

Gobe za mu shafe babban ɗaki da farar ƙasa. Na gode da kwaɗon, na gode da maganar asu. Na so kana nan.

Matarka,
Burul

Omsk, ƙarshen Oktoba

Burul,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye a bakin gini, da na kai "Apa lafiya" sai na zauna a ƙasa na rufe fuska. Abokan aiki sun ɗauka wani ne kuma ya mutu. Na karanta musu wurin shanya, har wanda ba ya jin harshenmu ya yi dariya don ya ga muna yi. Turdu ya ɓuya, ya ce ba zai ƙara ba da labarin abin da ya hango daga mota ba.

Akwai wata takarda tawa a hanya, wataƙila ta riga wannan. Ki jefa ta a murhu, kar ki karanta wa Apa. Abin da na faɗa a kanki a ƙarshenta dai ki riƙe, gaskiya ne. Ki gaida Kawu Sagin, ki ce ɗan yayarsa ya gode. Tikitin kuma zan je in mayar, aiki bai ƙare ba.

Mijinki,
Meder

Kara-Bulak, watan Nuwamba

Baban Jipar,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ƙanƙara ta sauko, ta rufe hanyar garke, Jipar ta yi mura ta warke. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya, mai kawo wasiƙa ya ce motarsu ce ta lalace. Na buɗe ta kukan da farko. Ka tambaya me ya sa ban buga maka waya ba. In ce me? In ce ba wanda ya mutu?

Ka ce in ƙona ta. Ka makara. Apa ta ga fuskata ta ce in karanta da ƙarfi, kuma kar in tsallake. Da na kai wurin tunkiya da borsok ta ce, "Ashe shi ne. Na ce ranar Alhamis ɗin nan ina jin ƙamshin mai." Ta tambaya ko tunkiyar mai ƙiba ce, don ba ta son a ce ɗanta ya yi mata rowa a baƙon wuri. Amma da na kai inda ka ce ko ta ambace ka, sai ta karɓe takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta. Tana nan har yau.

Tana babban ɗaki yanzu. Gado, murhu, darduma ɗaya, akwatinta, shi ke nan. Ta ce ɗakin ya yi mata faɗi kamar masallaci, amma tana barci har rana ta fito, tarin kuma ya ragu ƙwarai. Likita ya sake sauraron ƙirjinta, bai ambaci Bishkek ba. In ta yi kewar kayanta sai ta yafa mayafi mu je sito, ta zauna a kan katifu ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kawu yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, wai duba asu. A wannan sanyin ko ɓera ba ya motsi, amma ba wanda ya gaya masa. Yakan buɗe siton da makullinsa, ya leƙa, ya rufe, sannan ya shigo su sha shayi suna musu a kan wanda ya fi wani taurin kai.

Wani abu ya daɗe yana damuna. Na lura rana ɗaya ce a gaban gida da bayansa, har ma ta baya ta fi daɗewa. Bambancin kawai, daga ƙetaren rafi gaban ake gani. Rannan ina taje mata kai na ce, "Apa, da gangan kika sa aka kafa shi a gaba?" Sai ta ce, "Ban san zai kawo goɗiyar ba." Sannan ta ce in zuba shayi.

Na gode wa Allah da ya sa ka yarda da siton nan. Ni ɗaki kawai nake nema mata.

Maganar tikiti kuma, Apa ta ce kar ka kuskura ka mayar, in ka mayar ka je ka sake yanka. Siminti ba zai gudu ba. Ta ce ka yi alkawarin zuwa arba'in ɗinta, to ka zo, da hannunta za ta dafa maka.

Matarka,
Burul